Tsakanin kaset ɗin da aka goge da kambun da ba a ba mu ba

Tambaya: Malam, shekarata 46. Na taso ina kallon Samanja da Karkuzu da Magana Jari Ce a talabijin ɗin maƙwabta. Kwanaki na nemi in nuna wa yarana, sai guntaye na samu a YouTube, hoton duk ya dishe. Ga shi kuma sau biyu Najeriya tana tura fim ɗin Hausa gasar Oscar ana watsar da shi. Wasannin da sun fi na yanzu ne da gaske, ko kewa ce ke damuna? Kuma raina mu ake yi a wajen rabon kyaututtukan nan?

Ɗan'uwa, na ji daɗin tambayar nan, don ta taɓa min inda yake min ƙaiƙayi. Na yi shekaru a ɗakin tace hoto na wani gidan talabijin kafin in koma koyar da fim, kuma na zauna a kujerar alƙalanci a ƙananan gasanni. Bari in fara da maganar Oscar, ita ce mai sauƙin warwarewa. Ta tsofaffin wasannin tana can baya.

Mutane da yawa suna ɗauka akwai wasu dattawa da ke zama su kalli duk fina-finan duniya su ce wannan ya fi. Ba haka abin yake ba. Oscar zaɓe ne na wata ƙungiyar 'yan fim da ke Los Angeles, masu jefa ƙuri'a kusan dubu 10, kuma mafi yawansu ma'aikatan masana'antar Amurka ne. A rukunin fina-finan ƙasashen waje, kowace ƙasa fim ɗaya tak take turawa. Dole fiye da rabin maganar cikinsa ta kasance ba da Turanci ba, dole kuma a nuna shi a gidan sinima kwana 7 a jere ana sayar da tikiti. Ƙasashe sama da 80 ne ke turawa a shekara. A tace a bar 15, a sake tacewa a bar 5, sannan ɗaya ya ɗauka. Ka ga tun daga lissafi, wajen ƙasashe 70 ne ke komawa gida a zagayen farko, kowacce da nata takaicin.

Najeriya ta fara turawa a 2019 da Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi tun kafin a fara, saboda cikin minti 95 na fim ɗin kusan minti 11 ne kawai aka yi da Igbo. An yi ta hayaniya a lokacin, har Ava DuVernay, wata daraktar fim Ba'amurkiya, ta sa baki tana cewa ai Turanci shi ne harshen gwamnati a Najeriya. Maganarta tana kan hanya, amma dokar a rubuce take tun kafin a tura. Wannan dokar ce ma ta buɗe wa Hausa ƙofa. A shekarar da ta biyo aka tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba, akasarinsa da Hausa. A 2024 kuma aka tura Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango yana ciki. Dukansu ba su shiga cikin 15 ɗin ba. Har zuwa bikin 2025 babu fim ɗin Najeriya ko ɗaya, da kowane harshe, da ya taɓa tsallake wannan matakin.

To me ya sa? Abu na farko kuɗi ne, kuma ba kuɗin yin fim ɗin nake nufi ba. Kuɗin kamfe. Masu zaɓe a zagayen farko ba a wajabta musu kallon duka fina-finan ba, wani adadi ake ware wa kowa. Saboda haka fim ɗin da aka riga aka ji sunansa shi ake fara buɗewa. Ana jin suna ne idan fim ya bi ta manyan bukukuwan fina-finai na Cannes ko Venis ko Berlin ko Toronto, wani kamfanin rarraba fina-finai na Amurka ya saye shi, aka ɗauki ƙwararrun masu tallata shi, aka yi ta kama ɗakunan kallo a Los Angeles da New York ana gayyatar masu ƙuri'a, daraktan yana zuwa yana amsa tambayoyi. Aiki ne na watanni. Mu kuma sai a sanar da fim ɗinmu ana saura 'yan makonni a rufe, sannan a fara neman wanda zai biya kuɗin jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko a cikin gidansu kamfe yana kayar da fim mai kyau: a 1999 Shakespeare in Love ya doke Saving Private Ryan, kuma har yau 'yan masana'antar suna kawo wannan a matsayin misalin abin da talla ke iya yi.

Wannan ba ya nufin babu son kai. Akwai shi, kuma ba zan rufa masa asiri ba. A 2015 da 2016, shekara biyu a jere, duk jarumai 20 da aka ware don kyautar wasa farar fata ne, sai da aka yi musu caa suka fara faɗaɗa ƙungiyar suna shigo da mutane daga wasu ƙasashe. Denzel Washington ya fito a Malcolm X, wasan da ni a ganina yana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa ɗauka da kyamara, amma a 1993 aka ba wani. Sai a 2020 ne fim ɗin da ba na Turanci ba ya fara cin babbar kyautar, wato Parasite na Koriya ta Kudu, bayan an shafe fiye da shekara 90 ana bikin. Nahiyar Afirka gaba ɗaya sau uku ta ci rukunin ƙasashen waje: Aljeriya a 1970, Kwaddibuwa a 1977, Afirka ta Kudu a 2006 da Tsotsi. Biyun farko ma Turawa ne suka ba da umarninsu. Akwai kuma wani abu da na lura da shi a wuraren bukukuwa, wanda ya fi ƙona min rai: idan fim ya fito daga wajenmu, an fi sauraronsa in yaƙi ne ko yunwa ko ta'addanci. Labarin kishiyoyi biyu masu barkwanci, ko rikicin gado a gidan attajiri, ba sa ganinsa a matsayin Afirka, alhali mu nan muke rayuwa.

Ka dubi Indiya, wadda muka taso da fina-finanta. Duk yawan abin da take fitarwa, sau uku kacal ta kai cikin biyar na ƙarshe: Mother India, da Salaam Bombay, da Lagaan, kuma ba ta ci ko sau ɗaya ba. Mother India da iyayenmu mata suka zubar wa hawaye a Kano da Zariya da Maraɗi bai ɗauki kambun ba. Alfred Hitchcock, shahararren mai shirya fim ɗan Ingila, sau biyar ana ware shi a matsayin darakta, bai taɓa ci ba. In akwai raini, to ba mu kaɗai aka raina ba.

Sai dai laifi tudu ne. Na zauna na yi alƙalanci, na ga abin da ke kayar da fina-finanmu, kuma sau da yawa ba labari ba ne. Sauti ne. Ana magana kana jin janareta a bayan gida, ko murya ta yi sama ta yi ƙasa tsakanin jarumi da jaruma a zama ɗaya. Sai fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto: a ba wani yaro ya yi ta cikin dare ɗaya, karin magana mai nauyi ta koma shirme, alƙalin da ba ya jin Hausa kuwa wannan rubutun shi ne fim ɗin a wajensa. Sai tsawaitawa, a faɗi abu da baki bayan an riga an nuna shi da hoto. Ga kuma babbar matsala: tsofaffin sinimomin Kano irin su Plaza da El Dorado da Marhaba sun daina aiki tuntuni, masana'antar ta koma faifai, daga baya ta koma shiri mai dogon zango a YouTube da tashoshin tauraron ɗan'adam. Mafi kyawun aikin da ake yi da Hausa yau yana can, kuma ko kusa bai cika sharaɗin shiga Oscar ba. Ba a ƙi shi ba, ƙofar ce ba tasa ba.

Takaicin da na fi yarda da shi shi ne na gida. A da, gasar AMVCA, ta tashar Africa Magic da ake yi a Legas, tana da rukuni na fim ɗin Hausa shi kaɗai, inda Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018. A 2024 aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma duka a rukuni ɗaya, fim ɗin Kano mai ƙaramin jari ya koma kokawa da fina-finan Legas da manyan kamfanoni ke zuba wa kuɗi. Wannan ya cancanci a yi magana a kansa fiye da Oscar. Duk da haka, ba ko'ina aka juya mana baya ba. The Milkmaid ɗin nan da Amurka ba ta kula ba ya kwashe kyaututtuka biyar a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2020, har da gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta ci kyautar mataimakiyar jaruma. A Wagadugu ta Burkina Faso ana bikin fina-finan Afirka na FESPACO tun 1969, kuma wanda ya fara cin babban kambunsa a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. A 1987 fim ɗin Med Hondo kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa, shi ya ɗauka. 'Yan fim ɗinmu nawa ne suka taɓa tura aikinsu can? Ga shi kusa, ko a mota ana zuwa.

Yanzu ga maganar wasannin da. Ka tuna Tom and Jerry? Kyanwar nan da ɓeran nan sun ci Oscar har sau bakwai tsakanin shekarun 1940 da farkon 1950. Na tabbata ranar da kake leƙe ta tagar maƙwabta kana dariya har da hawaye ba ka san haka ba, kuma da ka sani da bai ƙara maka komai ba. Samanja kuwa bai taɓa jin ƙamshin Los Angeles ba, amma ga ka kana shekara 46 kana nemansa ka nuna wa 'ya'yanka.

Kewa tana da nata kason, ba zan ɓoye maka ba. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi komai zama a ƙwaƙwalwarsa. Sannan yadda muka yi kallon ma daban ne. Tasha ɗaya ce ko biyu, a buɗe da yamma, a rufe da taken ƙasa cikin dare. Akwati ɗaya ne a layi, baƙi da fari, yara a ƙasa kan tabarma, manya a kan benci, wani yana waje yana juya eriya ana ce masa ya yi, a'a koma baya kaɗan. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, shi ke nan, sai mako mai zuwa, babu maimaitawa. Washegari a makaranta kowa yana kwaikwayon abu ɗaya. Ran Lahadi da yamma ga Tales by Moonlight, tatsuniya ce irin ta kakanninmu aka sa mata Turanci. Abin da kake kewa rabinsa wasan ne, rabinsa mutanen da kuka zauna tare ne, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Amma ɗaya rabin gaskiya ne, kuma zan tsaya a kansa a gaban kowa. 'Yan wasan nan sun iya. Talabijin ta zo Kaduna a 1962, shekara uku bayan ta Ibadan, kuma mutanen da suka cika ta daga rediyo da dandamali suka fito. Wanda ya koyi wasa a rediyo ya san murya ita ce jarinsa, ya san inda zai ja numfashi, ya san yadda shiru ke ba da dariya. Usman Baba Pategi soja ne na gaske kafin ya zama Samanja, shi ya sa Hausar barikin da yake yi, da gaurayen Turancin nan, da tsawar da yake daka wa kurata, ba kwaikwayo ba ne daga nesa. Ya fito da rayuwar bariki ga mutanen da a lokacin suke tsoron kaki, ya sa suka yi dariya da soja. Kasimu Yero kuwa mutum ne da zai yi maka sarauta da Hausa a Magana Jari Ce, ya juya ya zama Uncle Gaga da Turanci a Cock Crow at Dawn, shirin da aka ɗauka a yankin Jos a farkon shekarun 1980 don jawo mutane ga noma, ƙasa gaba ɗaya ta san fuskarsa. Karkuzu da Golobo da Hankaka jikokin 'yan kama ne, masu barkwancin kasuwa da gidan biki, sai dai an sa su a gaban kyamara. Kuliya Manta Sabo ta koya wa mutane da yawa yadda zaman kotu yake tun kafin su taka ƙofarta.

Kuma suna da abin da 'yan yanzu ba su da shi, wato lokaci. Akasarinsu ma'aikata ne ko 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, ana maimaita wasa kafin a ɗauka, ba wanda ke ƙirga yawan masu dannawa. Hausarsu tana da gishiri domin da ita suke tunani. Ta fuskar hoto da sauti kuwa, yaran yanzu sun wuce su nesa ba kusa ba, kuma akwai marubuta a cikinsu da nake cire wa hula. Wasu shirye-shiryen na da ma saƙon gwamnati ne aka lulluɓe da dariya, a yi allurar rigakafi, a biya haraji, a share kwata. Ba duka ne zinariya ba. Amma masu kyaun cikinsu za su tsaya a ko'ina.

To ina suke? Nan ne maganar take min nauyi. A wancan zamanin ana ɗauka ne a kan manyan kaset irin su U-matic, daga waje ake sayo su, da tsada. In kaset ya ƙare a sito kuma ga labarai za a ɗauka, sai a ɗauko tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Ni da hannuna na yi wannan. Ina sabon ma'aikaci aka miƙo min kaset aka ce ana buƙatarsa kafin magariba don ɗaukar wani taro. Na duba takardar jikinsa, wasan kwaikwayo ne na Hausa, kashi na kaza. Na sa shi a inji, na kalli kamar minti biyu, wani tsoho yana faɗa da matarsa kan kuɗin cefane, har na yi dariya, sannan na danna na goge shi. Taron nan yau ba wanda ya tuna shi, ni ma na manta me aka tattauna. Tsohon kuwa ya rasu, kuma ina kyautata zaton kwafin ke nan guda ɗaya a duniya. Shekara sama da talatin ke nan abin bai bar ni ba. Waɗanda ba a goge ba kuma zafi da ƙura da damina sun cinye da yawa, don irin wannan kaset in ya sha laima sai ya yi fumfuna ya manne, injinan da ke karanta shi ma an daina ƙera su.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ɓarnar ba. BBC ma ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970, ciki har da sassa da yawa na Doctor Who, shirin da yaran Ingila suka taso da shi tun 1963. Bambancin shi ne waɗancan yaran da suka girma ba su tsaya ga kewa ba, sun bazama duniya suna neman kwafin da aka taɓa sayar wa wasu ƙasashe. Ka san inda aka samo kashi tara da suka ɓata, aka sanar a 2013? A Jos. A wani ɗakin ajiya na tashar talabijin, gwangwanayen fim suna zaune a kan kanta shekara da shekaru. Wani Bature mai suna Philip Morris ya taso takanas ya same su. Ranar da na ji labarin nan na daɗe ban yi magana ba. Mun adana wa wasu yarintarsu ba da saninmu ba, tamu kuma muna ɗora taro a kanta.

Akwai labari mai daɗi kuma. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin na 2018. Fim ɗin Hausa, bayan shekara 42, a ɗaya daga cikin manyan bukukuwan duniya. Abin da ya kai shi can shi ne wani bai jefar da gwangwanin ba.

Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025 bayan ya yi fama da rashin gani da rashin abin hannu. Duk lokacin da ɗayansu ya tafi sai Facebook ta cika da hotuna da addu'o'i kwana biyu, sannan a wuce. In ana maganar wanda aka hana kambu, ni waɗannan nake fara tunawa kafin in tuna Los Angeles. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Guntayen da ka gani a YouTube, mafi yawansu ba daga tasha suka fito ba. Daga gidajen mutane ne, waɗanda suka sayi bidiyo a shekarun 1980 suka riƙa ɗaukar shiri yana tafiya. Saboda haka ka fara da gidanku. Ka tambayi kawunnanka da gwaggwanninka, musamman gidan da aka fara sayen bidiyo a dangi, ko akwai kwalin kaset a ƙarƙashin gado ko a saman silin. In ka samu, kada ka yi gaggawar sa shi a inji. Ka leƙa ta gilashin jikinsa, in ka ga fari-fari kamar gari a kan zaren, fumfuna ce, zai tsinke kuma ya ɓata kan injin, sai an goge shi a hankali tukuna. Wanda yake da tsabta, ka kai wa masu juyar da kaset ɗin biki zuwa kwamfuta, akwai su a kasuwanninmu. Ka ce su juye shi gaba ɗaya yadda yake, har da tallace-tallace da sanarwar mai gabatarwa, kada su yanke komai, don waɗannan ne ke nuna tashar da shekarar. Ka ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban, ka riƙe kaset ɗin asali a inda babu zafi da laima. Sannan ka zaunar da wani dattijo ya kalla tare da kai ya faɗa maka sunayen 'yan wasan, na gaskiya da na wasa, ka rubuta a jiki. Yaran naka kuma su zauna a wajen, a kan tabarma in da hali, a kashe wayoyi.